Makullin da Ke Rataye a Ƙusa: Nazarin Haɗarin Foklif a Wata Masana'anta a Zariya

Masana'antar da zan ba da labarinta tana bayan garin Zariya, abincin kaji take sarrafawa. Ba zan faɗi sunanta ba, ba kuma zan faɗi sunan kowa ba, domin da amana aka shigar da ni cikin maganar, kuma abin da ya auku a can zai iya aukuwa a kowane sito daga Chikaji har Dakace. Na daɗe ina aiki a ofishin kula da ma'aikata na wani kamfani kafin in ajiye. Shi ya sa da abin ya faru, manajan wurin, wanda ƙanen abokina ne, ya roƙe ni in zo in duba musu matsayinsu a gaban doka.

Da kaka ne. Masara da waken suya suna ta shigowa daga Giwa da Soba da Maƙarfi, tireloli sun yi layi a bakin get, wasu na sauke hatsi, wasu na jiran a loda musu abincin kajin da aka gama. Buhun abincin kaji kilo 25 ne. Ana jera guda 40 a kan katakon nan da suke kira falet, tan ɗaya ke nan. Mota ɗaya ce ke kwasar falet daga sito zuwa bayan tirela, wato foklif, mai yatsun ƙarfe biyu a gaba. Mutum ɗaya ne kuma a duk kamfanin yake tuƙa ta.

Ranar an yi wa direban rasuwa, ya tafi jana'iza tun da hantsi. Makullin motar yana rataye a ƙusa a bayan ƙofar sito, inda yake kwana kullum. Bayan azahar direban wata tirela ya soma ɗaga murya, yana so ya kama hanya kafin duhu. Heluman 'yan dako ya waiga ya hango wani saurayi cikin leburorinsa, ɗan shekara 23. Yaron yana da lasisin tuƙi, domin yakan taya yayansa jan motar haya a hanyar Samaru, kuma shi ne ke matsar da foklif ɗin in za a wanke ta. Heluma ya ce, "Kai, ɗauko makullin can ka rage mana aiki, ai ka iya."

Ya kai falet huɗu lafiya. A na biyar sai ya ɗaga kayan tun daga cikin sito har suka kai tsayin bayan tirela, don kada ya sha wahalar saitawa a waje. Buhuna suka tare masa gaba, ya leƙo da kai ta hagu yana duba hanya. A bakin ƙofa akwai kwana zuwa hagu. Ya murza sitiyari yadda hannunsa ya saba a mota, sai gindin foklif ɗin ya wurga dama, ya matse wani dattijo ɗan dako da ke tsaye jikin ginshiƙin ƙarfe yana ɗinke bakin buhu. Da yaron ya ji ihu ya taka burki da ƙarfi, buhunan sama suka zubo. Allah ya kiyaye ba kowa a gaba. Ƙafar dattijon ta karye a wuri biyu ƙasa da gwiwa.

Iyalinsa sun so a kai shi wurin mai ɗori. Manaja ya dage sai asibiti, aka wuce da shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, aka yi masa aiki aka sa ƙarfe. Wannan dagewar ta manaja ita ce shawara mafi kyau da aka yanke a wannan makon.

Abin da na tarar

Kwana goma da faruwar abin na je. Mai kamfanin, Alhaji, ya riga ya biya kuɗin asibiti, ya aika wa iyalin da buhun masara da kuɗin cefane. Ya kuma yanke shawara uku: a kori yaron, a yanke albashin heluma, a rubuta takarda iyalin dattijon su sa hannu cewa sun yafe, ba za su sake tayar da maganar ba. Ina so mai karatu ya sani, Alhaji ba mugun mutum ba ne. Na ga damuwa a fuskarsa, kuma sau biyu yana zuwa Shika da kansa. Amma a zuciyarsa yana ganin duk abin da ya yi taimako ne, ba hakki ba.

Ya ce da ni, "Malam, ni ina laifina? Ina Kaduna abin ya faru. Yaron nan yana da lasisi. Ba ni na ba shi makulli ba. Kuma dukkansu 'yan aikin yini ne, ba ma'aikatana ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ka ba ni kwana biyu in zaga in yi tambayoyi, sannan mu ɗauki maganganun nan ɗaya bayan ɗaya."

Maganar lasisi

Lasisin tuƙi shaida ce cewa mutum ya iya jan mota a kan titi. Foklif kuwa wata halitta ce dabam, kuma sabon da hannu ya yi da mota shi ne ma abin da ya cuci yaron nan. Mota da tayoyin gaba take juyawa, bayanta yana bin sawu. Foklif da tayoyin baya take juyawa, saboda haka in ka sha kwana gabanta yana nan kusan wuri ɗaya, gindin ne ke sharo fili ta ɗaya gefen. Gindin nan kuwa curin ƙarfe ne zalla da aka sa don ya rinjayi nauyin kayan da ke gaba. Irin tasu, mai ɗaukar tan biyu da rabi, ita kanta tana kai wa wajen tan huɗu ba tare da kaya ba. Ƙashin mutum ba ya jure wannan ko da tafiyar hawainiya take yi.

Sannan ga maganar tsayuwa. Ko da yake tayoyinta huɗu, a kan wurare uku take dogara: tayoyin gaba biyu da tsakiyar gatarin baya, inda yake lilo. Kamar murhu ne mai duwatsu uku. Muddin nauyi yana tsakiyar duwatsun, tukunya tana zaune. Da zarar ka ɗaga kaya sama, tsakiyar nauyin ta hau, sai ƙaramar kwana ko ɗan rami ko burkin gaggawa su fitar da ita waje. Shi ya sa ake koya wa direba ya yi tafiya da kaya a ƙasa, kimanin taƙi ɗaya daga daɓe, ya kwantar da tsanin ƙarfen baya kaɗan, kada ya ɗaga sai ya tsaya cak a gaban tirela. In kaya sun tare masa gani, da ribas zai tafi yana kallon inda ya nufa. In gangara ce, kayan su riƙa fuskantar tudu, hawa ko sauka, kuma ba a juyawa a kanta. Akwai ɗan allon ƙarfe a jikin motar da ke faɗin iyakar nauyinta, nasu an rubuta kilo 2,500 in tsakiyar kayan tana milimita 500 daga gindin yatsu. Kaya suka ƙara tsawo gaba, ƙarfinta ya ragu. Abu mafi wuyar karɓa kuma, in ta tashi kifewa ba a tsalle. Ka riƙe sitiyari, ka dafe ƙafafu, ka karkata jiki zuwa ɗaya gefen, bel yana ɗaure, domin mai tsalle rufin ƙarfen ne ke riskarsa a ƙasa.

Na zaunar da yaron a ƙarƙashin bishiyar darbejiya da ke bakin get, na tambaye shi waɗannan abubuwa ɗaya-ɗaya. Ko guda bai sani ba. Allon ƙarfen ma bai taɓa lura da shi ba, ƙura ta rufe shi. Idonsa ya cika da hawaye, ya ce, "Wallahi Baba, ba wanda ya taɓa gaya mini. Da na sani da ko kusa da ita ban je ba."

To a nan ne doka ta yi magana ƙarara. Dokar Masana'antu ta 1987, wadda take Babi na F1 a kundin dokokin tarayya na 2004, ta tanadi a sashe na 23 cewa kada a sa wani aiki a kan na'urar da za ta iya ji wa mutum rauni sai an yi masa cikakken bayanin haɗurran da ke tattare da ita da hanyoyin kauce musu. Bayan wannan kuma, ko dai ya kasance ya sami isasshen horo a kanta, ko kuma yana aiki a ƙarƙashin kulawar wanda ya san na'urar ciki da bai, ya kuma goge a kanta. Wanda dokar take magana da shi a nan mai masana'anta ne. Ba ta ce lebura ya je ya nemo wa kansa horo ba.

Manaja ya ce ai heluma yana tsaye a wurin, ko wannan ba kulawa ba ce? Na kira heluma na tambaye shi ko ya taɓa hawa motar. Bai taɓa ba. Shekararsa 20 yana jagorantar 'yan dako, ya san buhu da igiya da lissafin lodi fiye da kowa, amma da ya ga kaya a sama ana tafiya da su, bai san akwai abin tsawatawa ba. Kulawar da doka ke nufi ta masani ce. Kuma ko da masanin ne a tsaye, sharaɗin farko na yi wa yaron bayanin haɗari yana nan bai faɗi ba.

A 2018 Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ta fitar da ƙa'idoji na musamman a ƙarƙashin wannan doka, game da na'urorin ɗaga kaya. Suna neman a riƙa duba lafiyar irin waɗannan na'urori lokaci-lokaci, masu sarrafa su kuma su zama sun sami horo suna da takardar shaidar ƙwarewa. A duk ofishin babu wanda ya taɓa jin labarinsu.

"Ba ni na ba shi makulli ba"

Gaskiya ne, heluma ne ya ba shi. Sai dai heluma aikin wa yake yi? Abincin kajin wa ake lodawa? Doka tana ɗora wa mai aiki, wato mai kamfani, alhakin sakacin da ma'aikacinsa ya yi a bakin aiki. Dokar Ƙwadago ma, a sashe na 12, ta toshe tsohuwar mafakar nan ta cewa ai abokin aikinsa ne ya ji masa ciwo, ba kamfani ba.

Ni a ganina ma laifin heluma shi ne mafi ƙanƙanta a jerin. Wa ya yarda makulli ya riƙa kwana a ƙusa, inda kowane hannu zai kai? Wa ya gina lodin kamfani kacokan a kan mutum ɗaya, alhali mutum yana ciwo, ana yi masa haihuwa, ana yi masa rasuwa? Wa ya bar 'yan dako suna ɗinkin buhu a bakin ƙofar da mota ke shan kwana? Duk waɗannan an yanke su ne, ko an ƙi yanke su, watanni kafin ranar. Ba a fafe gora ranar tafiya. Heluma ya tsinci kansa tsakanin direban tirela mai faɗa da sito cike da kaya, ya yi abin da ya tabbata za a yaba masa da an gama lafiya. Kuma da na matsa da tambaya, sai ta fito cewa wannan ba shi ne karon farko da yaron ya yi lodi ba. Na uku ne. Biyun farko ba wanda ya ce uffan.

'Yan aikin yini

Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta rufe wannan ƙofar tun a wurin fassara kalmar ma'aikaci. Ta haɗa da mai kwantiragi a rubuce da na baka, na dindindin da na wucin gadi, ɗan koyo da ɗan aikin yini. Mai aiki yana zuba kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashin da yake biya a wata cikin asusun da hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa, NSITF, ke kula da shi, daga aljihunsa, ba daga albashin ma'aikaci ba. In rauni ya auku, ma'aikaci yana da kwana 14 ya sanar da mai aiki, mai aiki yana da kwana 7 ya kai rahoto, ana kuma shigar da neman diyya cikin shekara ɗaya. Dokar Masana'antu ita ma, a sashe na 51, ta wajabta a sanar da sufeton masana'antu duk haɗarin da ya kashe mutum ko ya hana shi aiki fiye da kwana uku. Ranar da na je ba a yi ko ɗaya ba.

Takardar yafiya kuwa na roƙi Alhaji ya yaga ta. Sashe na 13 na dokar diyyar ya ce ma'aikaci ba zai iya yarjejeniya da mai aiki a kan ya sarayar da diyyarsa ba, duk irin wannan yarjejeniya ɓatacciya ce. Ban da haka, kai wa mutum takarda yana kwance da ƙarfe a ƙafa, 'ya'yansa suna kallon hannunka don abin da za su ci gobe, ba abu ne da mutumin kirki zai so a tuna shi da shi ba. Na kuma tuna masa cewa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda sashe na 254C na tsarin mulki ya ba hurumin irin waɗannan shari'o'i, tana da reshe a nan Kaduna.

Direban asali

Wannan ɓangaren ne ya fi tsaya mini a rai. Da direban ya dawo daga zaman makoki na zauna da shi. Gwani ne, in ka ga yadda yake zura yatsu a ƙarƙashin falet sai ka yi sha'awa. Na tambaye shi inda ya koya. Ya ce a wani defo a Kano, yana yaron wani oga, shekara biyu yana wanke mota yana kallo kafin a bar shi ya hau. Takarda fa? Babu. Wani ya taɓa gwada shi? Babu.

Ba na raina wannan hanyar. Da ita muka samu kanikawa da direbobin tirela da maƙera, ita ce makarantar talaka a ƙasar nan. Amma tana da rami ɗaya: yaro yana gadon iyawar ogansa tare da kurakuransa, ba ya kuma iya bambance su. Direban nan ya san tafiya da kaya a ƙasa, ya san ribas. Amma yana ɗaga mutum a kan yatsu in za a gyara buhunan sama, domin haka ya ga ogansa na yi. Bel ɗin kuwa ba ya sa shi, ya ɗaure shi ne ta bayan kujera. Ham ya mutu tun damina. Ƙararrawar ribas shi da kansa ya cire wayarta, wai tana sa masa ciwon kai. Sarƙar da ke ɗaga kaya ba wanda ya tuna ranar da wani masani ya duba ta. Yaron da ya yi haɗarin kuwa daga kallon wannan direban ya tsinci ɗan abin da ya sani. Wato gadon gado ne.

A Ingila, jagorar hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta raba horon direban foklif gida uku: koyon tushe a wurin da babu matsin aiki, sannan horo a kan ainihin motar da kayan da zai riƙa ɗauka, sannan sabawa da wurin aikin a gaban mai kula, kafin a ba shi izini a rubuce. A Amurka, ƙa'idar hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta can, OSHA, ta ce a haɗa darasi da gwajin hannu da tantancewa a bakin aiki, a sake tantance direba aƙalla sau ɗaya a shekara uku, a kuma maimaita masa horo in ya yi haɗari ko ya kusa yi. Dole mai aiki ya ajiye shaida mai ɗauke da sunan direba, ranar horo, ranar tantancewa da sunan wanda ya yi. Waɗannan ba dokokinmu ba ne, ba su hau kan Alhaji ba. Na kawo masa su ne don kalmar "isasshen horo" da ke cikin tamu dokar tana buƙatar ma'auni, kuma in aka je gaban alƙali tambayar farko ita ce: wa ya koya masa, yaushe, ina shaida?

Dole in faɗi inda dokarmu ta yi rauni. Tarar da ke cikin Dokar Masana'antu da kuɗin 1987 aka rubuta ta, 'yan dubban nairori ne, yau ba su sayen buhun masara. Wanda tsoron tara kaɗai zai sa ya horar da direba, ba zai horar ba. Na gaya wa Alhaji haka ban ɓoye masa ba. Amma na sa manaja ya haɗa kuɗin asibiti, da kwanakin da lodi ya tsaya, da buhunan da suka fashe, muka ajiye kusa da kuɗin horar da mutum uku. Na kuma nuna masa cewa kamfanonin da ke biyan kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashinsu ga Asusun Horar da Ma'aikata, ITF, suna iya neman a mayar musu da har rabin abin da suka biya in sun horar da ma'aikatansu bisa ƙa'idar asusun.

Ya yi shiru, can ya ce, "Malam, amma ai ƙaddara ce. Abin da Allah ya rubuta wa bawan nan ba makawa."

Na ce, "Haka ne, ranka ya daɗe, ba mai ja da wannan. Amma kai da kanka kana sa maigadi a get, kana kulle kuɗi a sef, ba ka ce ƙaddara ta tsare su ba. Raƙumi ana ɗaure shi ne sannan a yi tawakkali. Motar nan kuma riba take kawo maka kullum. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski."

Abin da aka yi

An kai rahoton, a makare, tare da wasiƙar bayani. An yi wa kamfanin rajista har da 'yan dako, an shigar da takardun dattijon kafin shekara ta cika. An ɗauko mai horarwa daga Kaduna ya horar da mutum uku a cikin sito, da motarsu da kayansu, ya gwada kowa ya sa hannu. Makulli ya koma aljihun tebur ɗin sitokifa, da littafin sa hannu. An gyara ham da ƙararrawa, an kwance bel, an ja layin fenti rawaya daga sito zuwa bakin lodi, masu ɗinkin buhu suka koma ɗaya gefen. Kowace safiya direba yana duba burki da taya da sarƙa da yoyon mai kafin ya tayar.

Na dage kada a kori yaron, a sa shi cikin ukun. Da farko shi ne ma ya ƙi, ya ce ba zai sake hawa ba har abada. Dattijon ne ya aika a kira shi har gadon asibiti, ya ce, "Ɗana, je ka koya. In ka gudu, wani wanda bai sani ba za su sake miƙa wa makullin."

Na koma bayan wata takwas. Layin rawaya ya dushe a daidai kwanar, inda taya ta fi ci, na ce a sake shafawa. Ɗaya daga cikin ukun ya tafi Kano da takardarsa, an ba shi albashin da ya fi, Alhaji yana ta mita a kan haka, har yanzu bai amince a horar da wani a madadinsa ba. Saura biyu ke nan, kaka kuma tana tafe. Dattijon yana takawa da sanda, dako ya ƙare masa. An ba shi kujera a bakin get yana miƙa wa direbobin tirela katin layi, daga inda yake zaune yana hango ginshiƙin.